Nalanda: Tashi da Faɗuwar Babban Gidan Karatun Mabiya Buddha

Ƙasar Magadha, wadda a yau take cikin jihar Bihar ta gabashin Indiya, ƙasar shinkafa ce. Shimfiɗaɗɗen fili ne kudu da kogin Ganga, ga ruwa ga laka, damina kuma ba ta yi masa rowa. A nan ne, kimanin kilomita 90 kudu maso gabas da birnin Patna, kangon Nalanda yake, jerin gine-ginen jan tubali da rufinsu ya daɗe da zubewa. Wanda ke son ya gane yadda wurin ya riƙe dubban masu karatu har kusan shekara 800, gara ya fara duba gonakin da ke kewaye kafin ya ɗaga ido ya dubi bango. Mazauna cikinsa 'yan zuhudu ne, ba sa noma, ba sa fatauci, ƙa'idarsu ma ta hana su riƙe kuɗi. Wani ne ke ciyar da su.

Kafin a aza tubali: daga zamanin Buddha zuwa shekara ta 400

Siddhartha Gautama, wanda aka fi sani da Buddha, ya yi mafi yawan wa'azinsa a wannan yanki. Lissafin da aka saba da shi ya sa rayuwarsa tsakanin 563 da 483 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma masana da dama a yau suna matso da rasuwarsa zuwa wajen 400. A lokacin Nalanda ƙauye ne mai albarka a gefen hanyar Rajagriha, babban birnin Magadha, wanda yanzu ake kira Rajgir. Tsofaffin littattafan addinin sun ce Buddha yakan sauka a wani lambun mangwaro da ke nan mai suna Pavarika, kuma babban almajirinsa Sariputta a wani ƙauye na kusa aka haife shi, a can kuma ya rasu. Mabiya addinin Jain su ma suna cewa jagoransu Mahavira ya yi damina 14 a wannan wuri.

Maganar damina tana da tushe. Almajiran Buddha na farko yawo suke yi da ƙoƙon bara, amma idan ruwa ya sauka hanyoyi suka cika, doka ta tilasta musu zama wuri guda har wata uku. Attajirai da sarakuna suka riƙa ba su lambuna su fake. Daga bukka aka koma ɗaki, daga ɗaki aka koma gida mai tsakar gida da rijiya, zaman wata uku ya zama zaman dindindin. Irin wannan gida shi ake kira vihara, kuma yawansu a yankin ne ya ba jihar Bihar sunanta.

Daga nan sai hikaya. An ce wasu fatake 500 ne suka haɗa zinariya suka sayi filin suka ba Buddha kyauta. An ce kuma wani macijin ruwa ne da ke zaune a tafkin lambun ya bar wa wurin sunansa. Wani malamin Tibet mai suna Taranatha, wanda ya rubuta tarihinsa a 1608, ya ce sarki Ashoka (wajen 268 zuwa 232 kafin Miladiyya) ya gina wurin bauta a kan kushewar Sariputta, kuma shahararren masanin nan Nagarjuna ya shugabanci makarantar. Tsakanin Taranatha da Ashoka akwai shekara fiye da 1,800, don haka maganarsa ruwaya ce. Abin da ke rubuce daga bakin wanda ya taka ƙasar ya sha bamban. Faxian, ɗan zuhudu daga ƙasar Sin, ya zaga Indiya a farkon shekarun 400 yana neman littattafai. Ya ambaci ƙauyen Sariputta da ginin tunawa da shi, bai ce uffan ba game da wata babbar makaranta. Mutumin da ya ratso hamada saboda littafi da wuya ya wuce ɗakin karatu irin wannan bai leƙa ba.

Daular Gupta: 415 zuwa wajen 550

Matafiyin da ya zo bayansa da shekara fiye da 200, Xuanzang, ya ji daga bakin mazauna wurin cewa wani sarki mai laƙabin Shakraditya ne ya gina gidan farko. Yawancin masana tarihi sun ɗauka shi ne Kumaragupta na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga wajen 415 zuwa 455. Bayansa sarakuna suka riƙa ƙari, kowa ya gina nasa gidan kusa da na magabacinsa: Buddhagupta, Tathagatagupta, Baladitya, Vajra, kamar yadda Xuanzang ya jero su. Daga bisani aka kewaye duka da katanga mai ƙofa.

Abin lura, yawancin sarakunan Gupta mabiya Hindu ne, masu bauta wa Vishnu. Amma a Indiya ta wancan zamani, ciyar da malamai na kowane tafarki yana daga cikin abin da ake auna girman sarki da shi. Hanyar da suke bi ita ce sarki ya yanke wasu ƙauyuka ya ce harajinsu daga yau na wannan gida ne, a rubuta a kan allon jan ƙarfe, a buga hatimi, wani irin wakafi. Manomi bai bar gonarsa ba, sai dai rabon fada yanzu rumbun makaranta yake tafiya. Da wannan tsari Nalanda ta ƙoshi, kuma da shi aka ɗaure ta da igiyar sarauta.

Daular Gupta ta sassauta a ƙarni na 6, bayan hare-haren mutanen Huna daga arewa maso yamma da tawayen hakimai. Xuanzang ya kawo labarin cewa Baladitya ya kama azzalumin sarkin Huna, Mihirakula, sannan ya sake shi saboda roƙon mahaifiyar Baladitya. Wannan ma an ce ne. Abin da ya tabbata shi ne daular ta faɗi, makarantar ba ta faɗi ba, domin ta sami sabon uban gida.

Harsha da baƙon da ya zo daga Sin: 606 zuwa 647

Sabon uban gidan shi ne Harsha, sarkin Kanauj, wanda ya mallaki yawancin arewacin Indiya daga 606 zuwa 647. A zamaninsa ne muka fara ganin cikin Nalanda da idon wanda ya kwana a ciki.

Xuanzang ya bar Chang'an, fadar daular Tang, wajen 629, lokacin Manzon Allah (SAW) yana Madina. Ya fita a ɓoye, don sarki bai ba da izinin ƙetare iyaka ba. Abin da ya tashe shi shi ne fassarorin littattafan Buddha da ke hannun Sinawa suna karo da juna, yana son ya ga asali. Ya ratsa hamadar Gobi, ya haye duwatsun Tian Shan, ya bi ta Samarkand da Bamiyan da Kashmir, ya iso Nalanda a cikin shekarun 630.

Shugaban makarantar a lokacin shi ne Shilabhadra, tsohon da aka ce ya kai shekara 106. Almajirin Xuanzang mai suna Huili, wanda ya rubuta tarihin malaminsa, ya ce tsohon ya daɗe yana fama da ciwon gaɓoɓi har ya so ya daina cin abinci ya huta, sai aka ce masa a mafarki ya dakata, akwai ɗalibi tafe daga Sin. Almajiri ne ke yabon malaminsa, sai a karɓa da taka-tsantsan. Amma inda Huili ya zo lissafin abincin da aka yanka wa baƙon, nan kam ya yi kama da wanda ya ga takardar ma'aji. Kullum ana kai masa ganyen taunawa 120 da ƙwayar areka 20, abin da ya tsaya musu a matsayin goro a wajenmu, da gyaɗar ƙamshi 20, da ɗan kafur, da mudun wata shinkafa mai suna mahashali, mai manyan ƙwayoyi da ƙamshi, wadda a Magadha kaɗai take fitowa, kuma sarakuna da manyan malamai kawai ake dafa wa. Duk wata ana ba shi mai. An ba shi masu hidima, an kuma yarda ya hau giwa idan zai fita. Huili bai ɓoye inda wannan ke fitowa ba: sarki ya sallama wa gidan harajin ƙauyuka kusan 100, kuma magidanta 200 ne ke kawo shinkafa da man shanu da madara kowace rana.

Shiga ba ta da sauƙi. Xuanzang ya ce mai tsaron ƙofa shi kansa malami ne. Baƙon da ya zo neman shiga zauren muhawara sai an tare shi da tambayoyi masu wuya, kuma cikin goma, bakwai ko takwas juyawa suke yi. Waɗanda suka tsallake ma, in suka shiga taro sukan sha kunya a gaban na ciki. Ana karanta littattafan Mahayana da na sauran mazhabobin Buddha, ana karanta Veda na mabiya Hindu, da nahawun Sanskirit, da manɗiƙi, da likitanci. Karanta littafin abokin hamayya dole ne, domin muƙabala a gaban sarki abu ne da ake yi, kuma wanda aka kayar yakan rasa mabiya da tagomashin fada tare. Shi ya sa ilimin kafa hujja ya yi zurfi a nan, a kan turbar malaman manɗiƙi Dignaga da Dharmakirti.

Nawa ne mazaunan? Huili ya ce 10,000, ana zaman darasi kusan 100 a rana. Xuanzang da kansa cewa ya yi dubbai. Adadin Huili ne ya yi farin jini a littattafan yawon buɗe ido, amma ɗakunan da aka tono ba su kusa ɗaukar haka ba. Ana yawan kiran Nalanda jami'ar farko a duniya. A ganina wannan riga ce ta zamani da aka sa mata. Gidan ibada ne da karatu ya yi wa yawa, ba a ba da takardar shaida, sunan malaminka da ƙarfin hujjarka su ne shaidarka.

Xuanzang ya koma gida a 645 da littattafai 657. A 646 ya miƙa wa sarki Taizong bayanin ƙasashen da ya ratsa, garin kaza zuwa garin kaza, da nisa da alƙibla. Sarki don leƙen asirin maƙwabta yake so. Littafin zai yi wani amfanin da babu wanda ya hango, bayan shekara 1,200.

Yijing: 675 zuwa 685

Bayan rasuwar Harsha daularsa ta watse, amma wanda ya zo bayan shekara talatin bai tarar da yunwa a Nalanda ba. Yijing ya biyo ta teku. Ya tashi daga Sin a 671, ya tsaya a Srivijaya da ke tsibirin Sumatra ya koyi nahawu, ya sauka a tashar Tamralipti, ya yi shekara 10 a Nalanda. Shi ya ce mazauna sun haura 3,000, ga manyan zaure 8 da ɗakuna 300, ƙauyukan da ke ciyar da gidan kuma sun kai 200.

Yijing mutum ne mai son tsari, don haka abin da ya rubuta ƙananan abubuwa ne. Agogonsu na ruwa ne: ƙaramin kwanon jan ƙarfe mai ɗan huji a gindi, a ɗora shi kan ruwa a cikin babban kwano, yana tsotsa a hankali har ya nutse, sai a buga ganga, a sake ɗora shi. Da safe ana kaɗa ƙararrawar wanka, sai a ga ɗaruruwa sun fito kowa da zanen wankansa sun nufi tafkuna. Kowace shekara kafin damina ana sake rabon ɗakuna bisa tsufa a cikin zuhudu, don kada kowa ya ɗauka ɗakin nasa ne. Ya kuma tattara labarin 'yan zuhudu fiye da 50 da suka yi irin tafiyarsa, har da 'yan Koriya, wasunsu a Nalanda suka rasu ba su ga gida ba.

Sarakunan Pala: wajen 750 zuwa shekarun 1160

Wajen 750, bayan wani zamani na kashin dankali a Bengal, manyan ƙasa suka zaɓi Gopala sarki. Zuriyarsa, daular Pala, ta mulki Bengal da Bihar kusan shekara 400, kuma su mabiya Buddha ne. Yawancin abin da mai ziyara ke gani a kangon a yau na zamaninsu ne, haka ma gumakan tagulla da na baƙin dutse da ke gidan adana kayan tarihi na wurin.

A wannan zamani ne karatun Nalanda ya haye Himalaya. Shantarakshita ya amsa gayyatar sarkin Tibet, Trisong Detsen, ya taimaka aka kafa Samye, gidan zuhudu na farko a ƙasar, a cikin shekarun 770. Almajirinsa Kamalashila ya bi sawunsa. Daga nan aka shiga aikin juya littattafan Sanskirit zuwa harshen Tibet, aikin da ya ɗauki ƙarnuka, kuma saboda shi ne ɗaruruwan littattafan da asalinsu ya ɓace a Indiya suke nan har yau. Mutanen Tibet suna da hikayoyi da yawa kan malaman Nalanda. Sun ce Shantideva, na ƙarni na 8, abokan zamansa sun ɗauke shi malalaci wanda bai iya komai ba sai ci da barci da zagayawa. Suka shirya masa tarko, suka sa shi ya hau kujerar wa'azi don ya ji kunya ya bar gidan. Da ya buɗe baki sai ga littafin Bodhicharyavatara, kuma wai yana cikin karantawa ya tashi sama ya ɓace. Littafin dai yana nan ana karanta shi. Tashin kuwa, an ce.

Takarda mafi daraja daga wannan zamani allon jan ƙarfe ne da Hirananda Shastri ya tono a 1921 a gidan da masu tono ke kira gida na 1. Ya nuna cewa Balaputradeva, sarkin Suvarnadvipa a Sumatra, ya gina gida a Nalanda, ya aiko jakada ga sarki Devapala a ƙarni na 9 yana roƙon a ware ƙauyuka 5 don riƙe shi. Allon ya faɗi abin da za a yi da kuɗin: abinci da sutura da shimfiɗa da magani na 'yan zuhudu, kwafar littattafai, da gyaran ginin idan ya lalace. A riƙe wannan na ƙarshe. Gini na tubali da katako, mai cike da fitilun mai da littattafan ganyen giginya, gobara ba baƙuwarsa ba ce. Wani rubutu na shekara ta 11 ta mulkin Mahipala na Ɗaya, a farkon ƙarni na 11, ya ambaci gyaran da aka yi bayan wuta ta ci wani wurin bauta. Masu tono sun ƙirga hawa 9 na gini a gida na 1, kowane a kan ɓaraguzan na baya. Nalanda ta sha faɗuwa, kuma duk lokacin da ta faɗi akwai mai biyan magina.

Sai dai sarakunan Pala sun yi mata kishiyoyi. Sun kafa Odantapuri, tafiyar 'yan kilomitoci daga Nalanda, inda garin Bihar Sharif yake yanzu. Dharmapala ya kafa Vikramashila a bakin Ganga da Somapura a ƙasar da ta zama Bangladesh. Zuwa ƙarni na 11 Vikramashila ce 'yar gaban goshin fada, daga can ne ma Atisha ya tafi Tibet wajen 1040. A waje kuma, talakan ƙauye ya riga ya karkata ga bautar Vishnu da Shiva, Brahmanawa, malaman Hindu, ne ke yi masa suna da aure da jana'iza. Addinin Buddha a gabashin Indiya ya tattare a cikin 'yan manyan gidaje masu katanga. A ƙarni na 12 daular Sena, ta mabiya Hindu, ta ƙwace Bengal, ikon Pala ya tsuke zuwa wani yanki na Bihar sannan ya mutu. Har cikin shekarun 1160 ana kwafar littattafai a Nalanda, amma inuwar da take zaune a ƙarƙashi ta riga ta janye.

Bakhtiyar Khalji: 1193 zuwa 1206

A 1192 Muhammad na Ghor ya ci Prithviraj Chauhan a yaƙin Tarain na biyu, arewacin Indiya ya buɗe wa mayaƙansa. Cikin masu neman rabo akwai Muhammad bin Bakhtiyar Khalji, wanda aka ce an ƙi ɗaukarsa soja a Ghazni da Delhi saboda ƙirarsa ba ta burge masu tantancewa ba. Ya sami ɗan yanki a gabas, ya riƙa kai hari cikin Bihar yana tara ganima da mabiya.

Labarin da ya yaɗu a yau cewa yake yi Bakhtiyar ya ƙona Nalanda a 1193, ɗakin karatunta mai littattafai miliyan 9 ya yi wata uku yana ci. Babu wata takarda ta wancan zamani da ta kawo miliyan 9 ko wata uku. Sunayen gine-ginen ɗakin karatun guda uku, Ratnasagara da Ratnodadhi mai hawa 9 da Ratnaranjaka, daga ruwayar Tibet ta ƙarnuka bayan haka suka fito, kuma masu tono ba su gano wani gini da za su nuna su ce shi ne ba.

Abin da ke rubuce yana cikin Tabaqat-i Nasiri na Minhaj al-Siraj Juzjani, wanda aka kammala a 1260. Juzjani ya ji labarin ne wajen 1243 daga wani tsohon soja da aka yi harin da shi. Ya ce Bakhtiyar da mahaya 200 sun auka wa wani wuri mai ganuwa a Bihar, suka tarar yawancin mazaunansa masu askakken kai ne, suka kashe su duka. Suka ga littattafai jibge, suka nemi wanda zai gaya musu abin da ke ciki, ba a bar kowa ba. Daga baya suka gane cewa duk ganuwar makaranta ce. Juzjani bai ambaci Nalanda ba, kuma yawancin masana suna ganin Odantapuri yake nufi. Shekarar ma ana saɓani, tsakanin 1193 da wajen 1200.

Wannan bai wanke Bakhtiyar ba. Kisan malaman da ba su ɗauke da makami ba, marubucin ɓangarensa ne ya rubuta shi, kuma babu yadda za a yi mayaƙan da suka kafa sansani a Odantapuri su bar maƙwabciyarta lafiya. Masu tono sun tarar da toka da gawayi mai kauri a saman hawa na ƙarshe na gidaje da dama, har da ƙonanniyar shinkafa. Toka dai ba ta faɗin sunan wanda ya kunna wuta. Waɗanda suka tsira sun gudu Nepal da Tibet da littattafan da suka iya ɗauka, cikinsu har da babban malami Shakyashribhadra, wanda ya isa Tibet a 1204. Bakhtiyar ya ci Nadia daga hannun Lakshmana Sena, sarkin daular Sena, ya yi yunƙurin shiga Tibet rundunarsa ta halaka a hanya, ya dawo a karye, aka kashe shi a kan gadonsa a 1206.

Shaida na ƙarshe: 1234 zuwa 1236

Shekara talatin bayan haka wani ɗan zuhudu daga Tibet, Dharmasvamin, ya iso. Ya ce Vikramashila an baje ta, har duwatsun harsashinta an zuba a Ganga. Nalanda kuwa ya same ta a lalace amma da sauran numfashi. Gidaje biyu ne ke da amfani. Wani tsoho mai shekara fiye da 90, Rahula Shribhadra, yana koyar da ɗalibai kusan 70. Masu ciyar da su su ne Buddhasena, wani ƙaramin sarki na Bodh Gaya, da wani attajiri Brahmane na Odantapuri mai suna Jayadeva. Daga ƙauyuka 200 an dawo ga alherin mutum biyu.

Yana nan sai Jayadeva, wanda sojojin Turkawa, sababbin masu mulkin yankin, suka tsare, ya aiko a ɓoye cewa hari na tafe. Ɗalibai suka watse. Tsohon ya ce shi ya tsufa da gudu, ya umarci baƙon ya tafi, baƙon ya ƙi. A ƙarshe ya goya malamin a bayansa, da ɗan buhun shinkafa da sukari da 'yan littattafai, suka fake a wani wurin bauta da ke kusa. Sojoji kusan 300 suka zo, suka duba, suka koma. Wannan labari ya zauna a Tibet har 1936, lokacin da masanin Indiya Rahul Sankrityayan ya ɗauki hoton rubutun, aka buga fassararsa a 1959.

Ruwayar Tibet tana da nata bayanin ƙarshen ɗakin karatun, kuma ba Turkawa ta ɗora wa ba. An ce bayan an yi wasu gyare-gyare, wasu yaran almajirai suka watsa wa mabarata biyu na wani addini ruwan wanke-wanke. Ɗayansu ya yi shekara 12 yana bauta wa rana har ya sami sihiri, suka watsa garwashi, wuta ta kama Ratnodadhi. Hikaya ce, amma tana nuna cewa su kansu magadan Nalanda sun tuna da gaba tsakaninta da maƙwabtanta. A siyasar Indiya ta yau kowane ɓangare yakan ɗauki labarin da ya yi masa daɗi ya ajiye ɗayan. Abin da shaidun suka haɗu a kai shi ne hari ya yi mummunar ɓarna, sababbin masu mulki ba su da dalilin yanka wa gidan ƙauyuka, tsofaffin masu yankawa sun ƙare, jama'ar kewaye kuma ba mabiyansa ba ne balle su yi karo-karo. Wannan karon ba a kira magina ba.

Tono: 1811 zuwa yau

Ƙasa ta rufe gine-ginen suka zama tuddai, mutanen ƙauyen Bargaon suna ɗibar tubali suna gina gidajensu, sunan Nalanda ya fita daga bakin mutane. Francis Buchanan, ma'aikacin kamfanin Ingila mai mulkin Indiya, ya ga tuddan da gumaka a 1811 zuwa 1812, bai san ko mene ne ba. Markham Kittoe ya fara danganta su da Nalanda a 1847. Sai Alexander Cunningham, wanda ya kafa hukumar binciken kayan tarihi ta Indiya a 1861, ya zo da fassarar littafin Xuanzang a hannu yana bin nisa da alƙibla, ya tabbatar da wurin a 1861 zuwa 1862. Hatiman yumɓu da aka tono daga baya sun rufe bakin gardama: suna ɗauke da sunan jama'ar 'yan zuhudun babban gidan Nalanda, da hoton wani abu mai kama da ƙafar keke tsakanin barewa biyu.

An yi babban tono daga 1915 zuwa 1937, aka sake daga 1974 zuwa 1982. An fito da gidajen zuhudu 11 da manyan wuraren bauta 6 na tubali. Gidajen suna jere a gabas, wuraren bautar a yamma, hanya a tsakani daga kudu zuwa arewa. Fasalin gidajen kusan ɗaya ne: ƙofa guda, tsakar gida mai kusurwa huɗu, baranda a kewaye, ɗakuna suna fuskantar ciki. A wasu ɗakunan akwai dakalin kwanciya da 'yar alkuki a bango ta fitila da littafi. A tsakar gida akwai rijiya, da murhu, da magudanar ruwa. Ginin da ya fi tsayi, na 3, wanda ake jingina wa Sariputta, sau 7 aka gina shi, kowane sabon gini ya haɗiye tsohon, shi ya sa siffofin farar ƙasa na hawa na 5 suka tsira da kyansu. Kusa da gini na 13 an sami matoyar narka ƙarfe, alamar a nan ake zuba gumakan tagulla. A wajen shinge akwai wani babban gunkin Buddha na baƙin dutse da mutanen ƙauye ke kira Teliya Baba, suna shafa masa mai don neman lafiyar yaransu.

Abin da aka tono wani yanki ne kawai, sauran yana ƙarƙashin gonaki da gidajen ƙauyukan kewaye. A Yulin 2016 hukumar UNESCO ta sa filin, mai faɗin hekta 23, cikin wuraren tarihi na duniya.

An kuma yi yunƙurin tayar da sunan. A 2006 shugaban Indiya A.P.J. Abdul Kalam ya kawo shawarar sabuwar jami'ar Nalanda, majalisa ta yi mata doka a 2010, ta fara karatu a Rajgir a Satumban 2014 da ɗalibai 15. Shugabanta na farko, masanin tattalin arziki Amartya Sen, ya janye daga neman wa'adi na biyu a 2015 yana kukan katsalandan ɗin gwamnati. Magajinsa George Yeo, tsohon ministan harkokin wajen Singafo, ya ajiye muƙamin a 2016 kan irin wannan ƙorafi. Firaminista Narendra Modi ya buɗe sabon mazauninta a Rajgir a Yunin 2024.